Mata da harkar fasahar zamani a Kano: tambayoyin da kuke yawan turo min da amsoshinsu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wallahi kusan kullum in na buɗe waya sai na tarar da saƙon wata, yau 'yar SS2 ce, gobe wadda ta gama bautar ƙasa shekara biyu tana zaune a gida, jibi matar aure mai 'ya'ya uku da ta ga ƙawarta na aiki da laftof a falo ana turo mata alat, kuma tambayoyin duk kusan guda ne. Na gaji da maimaita saƙon murya shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta su guri ɗaya. Ni dai aikina nazarin bayanai ne, ina ɗan taɓa haɗa shafin intanet, a nan Kano na koya kuma da goyo a bayana na koya. Ba sai kin bi a jere ba, ki gangara inda ya dame ki.

Wai mene ne ma wannan "tek" ɗin da ake ta faɗa? Duk kodin ne?

A'a. Kodin reshe ɗaya ne kawai, wato rubuta wa kwamfuta umarni da yarukanta irin su Python da JavaScript, da shi ake gina manhaja da shafukan intanet. Amma akwai masu zana yadda manhajar za ta fito a ido, ina za a sa gurin dannawa, wane launi, ta yadda ko kakarki ta ɗauki wayar za ta gane inda za ta taɓa, su da Figma suke aiki kuma da yawansu ba sa rubuta kod ko layi ɗaya. Akwai nazarin bayanai irin nawa, a ba ki tarin alƙaluma a hargitse, na ciniki ko na asibiti ko na makaranta, ki tsince su kamar shinkafa ki fito da abin da suke faɗa, da manhajoji irin su Excel da Power BI da kuma yaren SQL na tambayar rumbun bayanai. Akwai tsaron intanet, akwai tallata kaya a Instagram da TikTok, akwai masu gwada manhaja kafin a sake ta dan su kamo kurakurai, har gyaran waya da haɗa sola duk suna ciki.

Ni yadda nake faɗa wa ƙannena, ki ɗauke shi kamar ɗinki. Mai yanka daban, mai surfani daban, mai aikin duwatsu daban, amma duk shago ɗaya. Sana'a ce ba tsafi ba, ana koya, ana ɓata yadi da farko, hannu ya faɗa daga baya.

Anya wannan harkar ta mata ce kuwa? Duk inda na duba maza nake gani.

Maza sun fi yawa, wannan gaskiya ne, ki shiga ajin kwamfuta a kowace jami'a za ki gani. Amma ba haka aka fara ba. Wadda ake lissafawa a matsayin ta farko da ta rubuta tsarin umarni dan na'ura ta bi, mace ce 'yar Ingila, Ada Lovelace, a 1843. Katuwar kwamfutar nan ENIAC da aka gama a Amurka a 1945, mata shida ne suka fara tsara mata aiki. Ba sai mun tafi nesa ba ma, a nan garin Maryam Lawan Gwadabe ce ta kafa Blue Sapphire Hub, Aisha Tofa na cikin waɗanda suka kafa Startup Kano, can kudu kuma Ada Nduka Oyom ta kafa She Code Africa a 2016 dan mata zalla.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda muke mantawa cewa matan Kano tun kaka da kakanni daga cikin gida suke juya kuɗi. Ƙuli-ƙuli, man gyaɗa, ɗinkin hula, kitso, adashe, yanzu ga masu sayar da atamfa da turaren wuta a sitatus ɗin WhatsApp. Matar da ke riƙe adashen mutum talatin a kanta, ta san wa ya zuba wa bai zuba ba, wa zai kwasa a wane wata, wallahi nazarin bayanai take yi, kawai dai ba ta san sunansa ba ne. Aikin kwamfuta na daga cikin 'yan sana'o'in da suka dace da yadda rayuwarmu take, kina ɗakinki ki yi wa wani aiki yana Legas ko Jamus.

Ban iya lissafi ba, kuma ajin art na yi a sakandare. Na makara?

Ba ki makara ba. Dizain, tallan intanet, haɗa shafin intanet, gwajin manhaja, duk lissafin cefane ya ishe ki, tarawa da ɗebewa da kaso cikin ɗari. Nazarin bayanai yana son ɗan ƙididdiga amma a hanya ake tsinta. Inda lissafi mai nauyi ke shigowa shi ne in za ki zurfafa a gina ƙirƙirarriyar basira, to nan kam babu gudu, kuma ko shi Khan Academy na koyarwa kyauta tun daga tushe. Abin da art ɗin zai hana ki ɗaya ne, shiga digirin kimiyyar kwamfuta kai tsaye, na yi bayaninsa a amsar jami'a a ƙasa.

Turancina fa ba shi da ƙarfi.

Nan ba zan yi miki daɗin baki ba, Turanci ana buƙatarsa, dan yawancin darussa da saƙon kuskuren da kwamfuta ke fitarwa da shi suke. Amma ba Turancin BBC ba, na karatu da fahimta ne, kalmomin kuma su ne dai ke ta dawowa. Ki rage gudun bidiyo a YouTube, ki kunna rubutun ƙasa, ki ajiye ɗan littafi kina rubuta sabuwar kalma. Google Translate na da Hausa tun 2013, yana taimakawa duk da wani lokacin fassararsa sai ta ba ki dariya. Akwai kuma 'yan uwanmu da ke koyar da Python da Excel da Hausa a YouTube, ki fara da su ki samu ƙafa.

Hausar taki ma jari ce fa. Masu gina manhajojin fassara da na gane murya suna neman masu Hausa mai kyau, irin aikin da 'yan HausaNLP ke yi kenan, ga Wikipedia ta Hausa da kowa zai iya rubutu a ciki kyauta ya koyi aiki.

Ba ni da laftof, waya kawai gare ni. In jira sai na samu?

Kar ki jira, jiran nan shi ya cinye mutane da yawa. Da wayar Android za ki iya fara HTML da CSS (yarukan gina shafin intanet) da Python a manhajar Sololearn, ki rubuta kod a Pydroid 3 ko Acode, ki yi zane a Canva, ki koyi Google Sheets wanda ɗan uwan Excel ne. Yana da wahala, allon ƙarami, babban yatsa ya yi ta danna abin da ba ki sa shi ba, amma da babu gara ba daɗi. Wata biyu zuwa uku a waya ya isa ki gane ko abin ya kwanta miki, kuma shi ne hujjarki ranar da za ki roƙi Abba ko maigida laftof, kin ga amsar iyaye a ƙasa.

Sai dai kar a yaudare ki, waya ta fara ce ba ta ƙarewa ba. Power BI na kwamfuta sai Windows, aikin Figma na gaske sai babban allo. Dan haka ranar da kika fara a waya, ranar ki shiga adashe.

To wace iri zan saya, kuma a ina?

Ta hannu mai kyau ta ishe ki, Core i5, RAM 8GB, SSD 256GB, irin su HP EliteBook, Dell Latitude ko Lenovo ThinkPad, dan kamfanoni aka yi su suna da juriya kuma kayan gyaransu na nan a Beirut Road da Farm Centre. SSD ɗin nan, wato ma'ajiyar bayanai mai sauri, kar ki yi wasa da shi, shi ne bambancin kwamfutar da ke tashi nan take da wadda za ki kunna ki je ki ɗora tukunya ki dawo ba ta gama buɗewa ba. Farashi ba zan faɗa ba, yana bin dala, abin da na faɗa yau jibi ya zama ƙarya.

Bari in ba ki labarin tawa ta farko. Na je ni kaɗai da kuɗin adashena a jaka, yaron shagon ya ɗauko wata siririya mai ruwan azurfa yana ta goge ta da tsumma, "Hajiya wannan ai ke ta dace da ke, ba nauyi", ya kunna min ita a jone da caja, ni kuma kyanta ya ɗauke min hankali ban ce a cire ba. Da na isa gida aka ɗauke wuta, minti goma sha biyu ta yi ta mutu, na zauna a bakin gado ina kallon baƙin allo kamar in yi kuka. Dan haka ki tafi da wanda ya sani, ki sa a cire caja ki zauna rabin awa kina kallon yadda batir ke sauka, ki danna kowane harafi, ki gwada kyamara da Wi-Fi da duk ramukan USB, a rubuta miki rasit da kwanakin garanti. A garin da wuta ke wasan ɓuya, batir ya fi kyan jiki.

Wane fanni zan fara? Kowa da abin da yake ce min.

Ki zaɓi ɗaya ki rufe kunne wata shida. Matsalar da na fi gani kenan, wannan satin Python, sati mai zuwa ta ga wata ta ce tsaron intanet ya fi kuɗi ta koma can, wata uku tana da satifiket biyar na kwas ɗin kwana uku-uku amma ba abu ɗaya da za ta iya yi da hannunta. Taura biyu ba ta taunuwa.

In kina son tsari da alƙaluma, ke ce mai rubuta lissafin biki a gidanku, fara da Excel, sai SQL, sai Power BI. In idonki na ganin kyau da muni, ke ce ake kira zaɓen anko, gwada Canva sannan Figma. In kina son ki gina abu ki ga yana motsi, HTML, CSS, JavaScript a freeCodeCamp. In har yanzu kin rasa, ni shawarata Excel, dan shi ne wanda za ki iya samun mai buƙatarsa a unguwarku cikin satin nan, daga makarantar Islamiyya zuwa kemis.

Dole sai na yi digirin kwamfuta? A ina ake koyo a Kano?

In ke ɗaliba ce kuma kina da dama, ki yi digirin, yana ba da tushe kuma aikin gwamnati da banki da neman tallafin karatu a waje duk suna tambayar takarda. BUK na da tsangayar kwamfuta guda, akwai jami'ar Aliko Dangote da ke Wudil, akwai Northwest, akwai Kano Poly ga mai son difloma, matar aure kuma ta duba NOUN, jami'ar karatu daga gida, dan ba kullum ake zuwa aji ba. A JAMB yawanci Turanci ne da Lissafi da Fiziks da ƙarin darasin kimiyya ɗaya, da kiredit biyar a WAEC ko NECO, amma ki duba ƙa'idar makarantar da kike so a shekarar. Akwai kuma bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 ga ɗaliban makarantun gwamnati. Abu ɗaya dai, digirin shi kaɗai ba ya koya miki aiki, na ga masu sakamako mai kyau da ba su taɓa gina komai ba sai aikin kammalawa, shi ma wani aka biya. Watannin SIWES ɗinki, wato na koyon aiki a wajen makaranta, kar ki ɓata su a ofis ɗin da za a dinga aikenki fotokwafi.

In kuma kin riga kin karanci wani abu daban, ba sai kin koma aji ɗaya ba. Kwas ɗin kwamfuta na CS50 na jami'ar Harvard kyauta ne a intanet, freeCodeCamp kyauta, Coursera na da gurin neman tallafi in ba ki da kuɗin kwas. Gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 da burin horar da mutum miliyan 3, hukumar fasahar sadarwa ta NITDA ma kan buɗe horo lokaci-lokaci. A gari akwai ƙungiyar CITAD da ta daɗe tana aikin shigar da mata harkar, akwai Digital Bridge Institute, akwai tarukan GDG Kano da Women Techmakers, ga Arewa Data Science Academy da ke koyarwa ta intanet. Ki bi shafukansu, dan sanarwar ba ta daɗewa ake rufewa.

Akwai cibiyoyin da ke karɓar kuɗi su koyar. Yaya zan gane ta gaske?

Ki je da ƙafarki ana tsakiyar darasi, zuwa da kai ya fi saƙo. Ni na taɓa biyan wata cibiya, ba zan kama suna ba, a talla an ce kowa da kwamfutarsa, da muka je mu kusan arba'in kwamfuta tara, uku ba sa kawowa, malamin yana rubuta kod a farin allo da maka mu kuma muna kwafa a littafi kamar darasin tarihi, janareta kuma sai an yi karo-karon mai. Ranar rufewa aka yi hoto da satifiket mai zinare a gefe, har yau yana cikin akwati.

Ki tambaya a nuna miki aikin da ɗaliban baya suka yi, ki nemi lambar ɗaya ki kira ta, ki tambayi malamin shi wane aiki ya taɓa yi wa wani aka biya shi. Duk wanda ya ce sati biyu za ki ƙware, ko ya yi miki alƙawarin albashin dala, ki riƙe kuɗinki.

Abba ya ce a'a, wai harkar 'yan damfara ce kuma tana lalata yara. Yaya zan yi?

Da farko ki gane tsoronsa ba na banza ba ne. Abin da yake ji a rediyo da majalisa shi ne 'yan yahu, da 'yan matan da hotunansu suka fita, da rigingimun TikTok. In kika zo da "Abba zamani ya canza" kin faɗi tun kafin ki fara. Gardama ba ta cin iyaye, gani ne ke cin su.

Ni mahaifina ɗan Kwari ne, yana da wani dogon littafi mai baƙin bango da yake rubuta bashin 'yan sari, wasu shafukan har sun yi laushi dan juyawa. Na roƙi yayana ya ɗauko min hotunan shafukan wata uku, na kwana huɗu ina shigar da su Excel. Wani dare bayan isha'i yana kan darduma yana cin tuwo na durƙusa na ce Abba dan Allah kalli wani abu, na danna sunan wani mai sari daga Maraɗi, nan take duk abin da ya ɗauka da abin da ya biya da saura suka fito a layi ɗaya. Ya ajiye cokali, ya ce in sake, na sake da wani sunan. Sai ya kama wani bashi da aka rubuta sau biyu. Bai ce min komai ba a daren, amma da safe ya ce wa Umma "yarinyar nan a bar ta da abin nata". Ki nemo irin wannan a gidanku, lissafin shagon Abba, sakamakon ɗaliban Islamiyyar Umma, katin gayyatar bikin 'yar uwa. In akwai kawu ko gwaggo ko malamin da Abba ke jin maganarsa, a bi ta nan. Ki kuma yarda da sharuɗɗa, ki yi karatun a falo inda kowa ke gani, ƙaninki ya raka ki taro, ki dawo kafin magariba.

Ta fuskar addini fa? Ina sa niƙabi, kuma ba na son cakuɗuwa.

Hukunci na malamai ne, ki tambayi malaminki kan takamaiman aikin da aka ba ki, misali in kamfanin caca ne ko na bashi da ruwa. Amma neman ilimi ga mace ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan, Nana Asma'u 'yar Shehu da ta rasu a 1864 ta kafa tsarin 'Yan Taru, tana tura jajis, wato malamai mata, ƙauyuka suna karantar da mata a inda suke, ilimi ne ke zuwa gida ba sai mace ta fita ba, wanda kusan shi ne abin da intanet ke yi mana yau.

Niƙabi ba ya hana kodin. Yawancin taron aiki na intanet ana yinsa kyamara a kashe, inda kuma ake son a kunna, ki faɗi tsarinki tun a farko cikin mutunci. Na san masu sa tambarin aikinsu a madadin hoto a LinkedIn kuma suna samun aiki. Akwai guraren da za su ƙi, ba zan ɓoye miki ba, to ba rabonki ba ne.

Ina da aure da yara, ga girki ga rashin wuta. Ina lokacin yake?

Awa ɗaya kullum ta fi awa bakwai ranar Lahadi. Tawa awar bayan asuba ce kafin yara su tashi, wata ƙawata tata bayan sun tafi Islamiyya da yamma. In aka kawo wuta ki jona komai, ki sauke bidiyoyin darasi da garaɓasar datar dare ki kalla da rana ba tare da intanet ba, karatu na rubutu kuma irin W3Schools ba ya shan data kamar bidiyo. Fawa banki da ƙaramar sola in hali ya yi.

Maigida kuma ki sa shi a ciki tun farko, kar ya tsinci labari a bakin wani. Ki nuna masa me kike koya, su waye a guruf ɗin, ƙarfe nawa ake darasi. Ranar da kuɗin farko ya shigo ko na cefanen kwana ɗaya ne, ki nuna masa. Ba kowane namiji ne zai ba da goyon baya ba, wasu sai a hankali, yadda na faɗa a amsar Abba haka nan ma yake. Lokacin jego ko laulayi in kin tsaya ba laifi, akwai amsarsa a ƙarshe.

Maza na damuna a inbox da sunan za su koya min. Yaya zan kare kaina?

Mai koyarwa na gaske ba ya buƙatar hotonki, ba ya kira ƙarfe sha ɗayan dare, ba ya cewa ki same shi a otal dan intabiyu. Ki yi tambayoyinki a cikin guruf a fili, ki nemi mace mai jagora in da hali, wanda ya wuce gona da iri ki ɗauki hoton maganar ki toshe shi ki faɗa wa shugabannin guruf ɗin, dan ba ke kaɗai yake yi wa ba. Ki raba lambar aiki da ta gida. Ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp da imel, kuma duk wanda ya kira ya ce zai sa ki a taron Zoom ki karanto masa lambobi shida da aka turo miki, ɓarawon WhatsApp ne. In abin ya kai barazana ko yaɗa hoto, akwai dokar laifukan intanet ta 2015, kar ki goge hujja, ki faɗa wa babba a gida a kai ƙara.

Yaushe zan fara samun kuɗi? Kuma su mainin da kirifto suna ciki?

In kin dage, ƙananan ayyuka na iya fara zuwa bayan wasu watanni, aiki mai albashi kuma ya kan ɗauki shekara ko fiye, ya danganta da fannin da lokacin da kike bayarwa da kuma rabo. Masu nuna alat ɗin dala ba sa nuna shekarun da suka yi ba ko sisi.

Mainin kuwa, wato haƙar kuɗin kirifto, kun dai tuna 2024, gari gaba ɗaya ana ta dangwalar allo a Hamster Kombat, a adaidaita sahu, a gidan biki, har a layin asibiti, da aka zo rabo a watan Satumba kowa ya ga abin da ya samu. Fasahar da ke ƙarƙashin kirifto ilimi ce ta gaske kuma ana koyonta, amma dangwale ba sana'a ba ce, ba abin da ya rage a hannunki in an rufe. Duk kuma inda aka ce zuba kuɗi su ninka, ko kawo mutum uku, ki tuna MMM a 2016.

Na koya, to ina aikin yake? Kowa na tambayar gogewa.

Gogewar ke za ki ƙirƙire ta. Ki yi ayyuka uku na gaske ki tara su guri ɗaya, GitHub ga masu kod, Behance ga masu zane. Kuma dan Allah ba irin aikin da kowa ke kwafa daga YouTube ba, ki ɗauko na garinmu, farashin hatsi a Dawanau na wata uku da kika tattara da kanki, shafin odar mai sayar da dambun nama a layinku, tsarin biyan kuɗin makarantar unguwa. Mai ɗaukar aiki ya ga wannan ya san ke kika yi.

A Kano ƙungiyoyin lafiya da na agaji na ɗaukar masu tattara bayanai da manhajar KoboToolbox ko ODK, kuma sau da yawa mata suke nema dan mace ce ke iya shiga gida ta yi magana da matan aure, eHealth Africa ma a nan garin take da babban ofis. Ga makarantu masu zaman kansu, asibitoci, 'yan kasuwar Kwari da Singa da ke son hawa intanet. Na waje akwai shafukan neman aiki irin su Upwork da Fiverr, gasa ta yi yawa amma ana samu. Masu kod su duba Outreachy, horon aiki ne na wata uku daga gida, sau biyu a shekara, ana biyan dala 7,000, shiga da wuya amma kyauta ne nema. Aikin farko ko biyu za ki iya yi da araha dan ki samu abin nunawa, daga nan ki sa farashi ki karɓi rabi kafin ki fara, 'yan uwa ma su biya, in ba haka ba za ki zama mai yi wa dangi katin biki kyauta har abada.

Ance AI, wato ƙirƙirarriyar basira, zai ƙwace duk ayyukan nan. Ba ɓata lokaci zan yi ba?

Ya canza aikin sosai, ƙananan abubuwa irin rubuta gajeren kod ko tallan kaya yanzu ChatGPT na yi cikin daƙiƙa, kuma hakan ya sa matakin farko ya ƙara tsauri. Amma yana kuskure da cikakken ƙarfin hali, sai wadda ta san aikin ke kamawa. Ki mai da shi malamin da ba ya gajiya da tambaya, ki ce ya yi miki bayanin kuskuren, kar ki ce ya yi miki aikin gaba ɗaya ki kwafa, ranar intabiyu ba ya nan.

Ni uwa ce, 'yata tana firamare. Me zan yi mata tun yanzu?

Hajiya ki bar ta ta taɓa. A gidaje da yawa in aka sayo kwamfuta ta yaya ce namiji, ita kuma a ce tashi kar ki ɓata, je ki wanke kwanuka. Akwai Scratch, kyauta ne, yara na haɗa wasa da labari ta hanyar jera tubala masu launi, ƙanana kuma ScratchJr. Ki zauna kusa da ita, ki sa lokaci, ki san me take kallo. In ta kai JSS3 tana son kimiyya a nema mata jarrabawar makarantun kimiyya na jiha, akwai ta 'yan mata a Garko, kar a ce ai mace ce ta yi art kawai ya fi sauƙi.

Na fara na tsaya, wata takwas ban buɗe ba, kunya ma nake ji in koma guruf.

Ni sau biyu na tsaya, ɗaya haihuwa ɗaya rasuwar kakata, da na dawo har yadda ake haɗa tebur biyu a SQL na manta. Kar ki koma darasi na ɗaya, nan ne ake gajiya a sake gudu. Ki buɗe aikin ƙarshe da kika yi, ki karanta shi, ki canza abu ɗaya ƙarami ko launi ne, za ki ga cikin sati ya fara dawowa. Ki nemi mutum ɗaya, ba guruf mai mutum ɗari biyar ba, ku dinga tura wa juna hoton abin da kuka yi duk daren Juma'a ko layi biyar ne. Guruf ɗin kuma ki yi sallama kawai ki shiga, rabinsu ma ba su lura kin tafi ba.